Tsoron da na rabu da shi ya dawo bayan ƙarin girma, ko jifa ce?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni malamar sakandare ce, shekarata 36. Shekara uku da suka wuce na yi fama da faɗuwar gaba da tsoron magana cikin mutane. Na ga likitan ƙwaƙwalwa, na sha magani, na yi zaman tattaunawa har na samu sauƙi. Wata biyu ke nan da aka ba ni mataimakiyar shugabar makaranta, sai abin ya dawo. Da zarar an ce ni zan jagoranci taron malamai sai zuciyata ta kama dukan uku-uku, tafin hannuna ya jiƙe, in ji kamar kowa ya gane ban cancanta ba. Gwaggona ta ce jifa ce daga abokan aiki. Ta kai ni wurin wani mutum, ya ce in kawo rago, kuma in ajiye muƙamin kafin a hallaka ni. Likita, na koma gidan jiya ke nan?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Ba ki koma gidan jiya ba, kuma don Allah kada ki rubuta takardar ajiye muƙamin nan.

Tun da kin taɓa yin zaman tattaunawa, kin san yadda aka bi da ke a hankali har kika iya tsayawa gaban aji. Abin da ba a cika gaya wa masu jinya ba shi ne, ƙwaƙwalwa ba ta goge tsohon tsoro. Sabon darasi take ɗorawa a kansa, wato "na tsaya, na yi magana, ba abin da ya same ni". Kin koyi wannan darasi a gaban ɗalibai. Yanzu wuri ya sauya, waɗanda ke kallonki abokan aikinki ne, wasu sun girme ki, ga ƙarancin barci, ga sabon nauyi. A irin wannan yanayi tsohon tsoron kan leƙo. Shi kuma jin cewa ba ki cancanta ba, tun 1978 wasu masana biyu a Amurka, Pauline Clance da Suzanne Imes, suka yi rubutu a kansa, kuma matan da suka yi nazari a kansu duk waɗanda suka yi fice ne a karatu da aiki.

Maganar jifa kuwa, ita ce ke ci mini tuwo a ƙwarya kullum. Kusan ba ranar da zan zauna a ɗakin duba marasa lafiya ban ji ta ba. Mutum ya samu ci gaba, gabansa ya fara faɗuwa, sai dangi su haɗa biyun su ce ai mahassada ne. Haka ne, tare suka zo, amma dalilin a fili yake: sabon matsayi ya ɗora miki abin da kika fi tsoro. Mai karɓar rago ya san wannan sarai. Ya san faɗuwar gaba irin taki takan kai ƙololuwa cikin kamar minti 10 sannan ta lafa da kanta, ko an yi hayaƙi ko ba a yi ba. Sai ya turara, abin ya lafa, ya ce aikinsa ne ya ci. Idan ya dawo bayan mako guda, sai ya ce maƙiya sun sabunta aiki, a ƙaro kuɗi.

Na taɓa duba wata tela da ta shigo riƙe da leda cike da ƙulle-ƙullen magani, ƙirjinta duk tsaga, wasu sun yi ruwa. Ta sayar da keken ɗinkinta ta biya wani, shi kuma ya ce mata maƙwabciyarta ce ta binne mata abu a bakin shago. Ta rufe shagon, ta daina gaisawa da matar da suka yi shekaru suna cin abinci kwano ɗaya. Da muka auna jininta sai muka tarar ƙwayar maƙoshi ce, wato thyroid da ke gaban wuya, ke aiki fiye da kima, abin da magani ke gyarawa. Har yau idan na tuna hannunta yana rawa a kan ledar nan raina yakan ɓaci.

Mafi muni a cikin abin da mutumin nan ya gaya miki shi ne ki ajiye muƙamin. Gudu shi ne abincin tsoro. Ranar da kika miƙa takardar za ki ji sanyi a ranki, shi kuma zai ce kin gani ko. Amma ƙwaƙwalwarki ta ɗauki darasi cewa gudun ne ya cece ki, gobe kuma a gaban aji abin zai tare ki. Ga shi an riga an shuka miki zargin mutanen da za ki shugabanta. Ta yaya za ki zauna taro da waɗanda kike kallo a matsayin masu neman ranki?

Ban hana ki addu'a ba, ni ma da ita nake fara aiki. Kuma kada wani ya ce miki tsoro raunin imani ne. A Suratu Ɗaha, aya ta 67, an faɗa mana Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya ji tsoro a ransa a gaban masu sihirin Fir'auna, bayan ya riga ya ga ayoyin Ubangijinsa. Tun da farko ma ya roƙi a buɗa masa ƙirjinsa, a kwance ƙullin harshensa, a haɗa shi da ɗan'uwansa Haruna. Ya nemi taimako, kuma ya je inda aka aike shi. Ki gaya wa Gwaggo haka cikin ladabi, ƙauna ce ta sa ta kai ki can.

Ki koma wurin likitanki cikin makon nan. Idan ya yi miki nisa, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, akwai kuma sashen a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Ki nemi a duba yawan jininki da aikin ƙwayar maƙoshin nan. Ki rage shayi mai ƙarfi da kofi. Kada ki karɓi diazepam, ƙwayar kwantar da hankali, a kemis don ki iya shiga taro, jiki kan saba da ita da sauri har a kasa bari. Idan kuma tunanin cutar da kanki ya taɓa zo miki, ranar za ki je asibiti, ba jira.

Taro na gaba, ki rubuta jimlolin farko guda uku a takarda, ki riga kowa shiga ɗakin, ki ja numfashi ki sake shi a hankali. Muryarki za ta iya rawa a farko. Ki ci gaba da magana a hakan har ki kai ƙarshen ajandar.