Kuɗin abonma ya fi ƙarfina: in koma parabol na kyauta ko intanet?

A ƴan makonnin nan tambaya ɗaya ce ke ta dawo mini daga bakuna daban-daban, wato kuɗin tele. Na ware huɗu daga cikin saƙonnin, domin kowane da inda takalmi ke matsa masa.

Na farko daga wani malamin lakwal ne a unguwar Garin Malam ta Damagaram. Ga abin da ya rubuto a taƙaice: "Shekara 6 ke nan ina biyan Canal+ jaka 10 kowane wata. Albashi yana nan inda yake, kuɗin hatsi da na wuta kuwa ba su tsaya ba. Uwargida wasannin Hausa take kallo, yara zane-zanensu, ni kuma labarai da ƙwallo a ƙarshen mako. Wasu sun ce in sayi dekoda ta kyauta, wasu sun ce intanet ta fi. Wanne zan bi?"

Malam, mu fara da lissafin da kai kanka kake koya wa yara. Jaka 10 sau 12, jaka 120 ke nan a shekara. A shekara 6 ka biya jaka 720. Ban kawo wannan don in sa ka da-na-sani ba, iyalinka sun kalla sun ji daɗi. Na kawo shi ne don ka ga cewa abin da kake tunani a kansa ba ƙaramin kuɗi ba ne, ya cancanci a zauna masa.

Kafin ka sayi komai, ka ɗauki takarda ka manna kusa da tele, mako guda duk wanda ya kunna ya rubuta tashar da ya kalla. Ina da yaƙinin in mako ya cika, sunayen da za ka gani ba za su kai goma ba. Yawancin gidajenmu haka suke: ana biyan tashoshi sama da ɗari, ana zagaya shida ko bakwai. Wannan takardar ce za ta ba ka amsa, ba maganar abokai ba.

Daga abin da ka lissafa, kaso mafi yawa na kallon gidanka ana samun sa ba tare da abonma ba. Arewa24, da ke watsa shirye-shirye da Hausa zalla tun 2014, tana cikin tashoshin da ake kamawa kyauta ta tauraron ɗan adam. Akwai tashoshin wa'azi na Hausa, akwai tashoshin Saudiyya guda biyu da ke nuna Harami na Makka da na Madina dare da rana, akwai na labarai da Faransanci da Larabci da Turanci, akwai na yara, ko da yake da yawansu da Larabci suke magana, kuma wannan abin lura ne in yaranka sun saba da na Faransanci. Télé Sahel da sauran tashoshin gida kuma suna da wata hanyar, wadda ake kira TNT: ba ta buƙatar parabol, antan kawai take so da tele ko dekoda mai ɗauke da alamar DVB-T2. Da yawa daga telolin da ake sayarwa yanzu suna zuwa da ita a ciki, masu su ba su ma sani ba. Ka duba bayan taka ko kwalinta. Sai dai ka fara leƙa gidan maƙwabcin da ke da antan ka ga yadda hoton ke fita a unguwarku, domin Damagaram gari ne na duwatsu, abin da ya kama tas a Zengo yana iya yin gardama a bayan wani dutse a Birni.

Yanzu ga abin da masu sayar da dekoda ba sa faɗa da wuri. Dekodar Canal+ ba za ta zama ta kyauta ba, an yi ta ne don katinsu. Sabuwa za ka saya, irin su Strong da ƴan uwanta, kuma ka tabbatar an rubuta DVB-S2 da HD a jikinta, in da hali har da H.265, saboda tashoshi suna ta komawa sabon tsari, tsohuwar dekoda sai ta ba ka murya babu hoto. Farantin ma da magana. Naka yana fuskantar yamma ne, wajen tauraron da ke digiri 22 yamma. Tashoshin kyauta suna kan wasu taurarin: Nilesat a digiri 7 yamma, Eutelsat a 16 gabas, Arabsat a 26 gabas. Nilesat ƙasashen Larabawa aka nufa da shi, mu a gefen inuwarsa muke, shi ya sa yake son faranti babba, daga santimita 90 zuwa sama. Ƙaramin faranti zai kama wasu tashoshin da rana tsaka, da hadari ya haɗo sai su ɗauke.

Shawarata a nan ita ce kada ka taɓa farantin Canal+ ɗinka. Ka bar shi inda yake da dekodarsa, ka kafa na biyu a gefensa. Dalili kuwa shi ne abonma ba bashi ba ne: wata-wata kake saya, watan da ba ka biya ba hoto ne kawai zai ɗauke, ba wanda zai biyo ka. To me zai hana ka riƙa biya a lokacin da ya dace da kai? Manyan gasannin Turai suna hutu a Yuni da Yuli, waɗannan watanni biyu jaka 20 ne da za su tsaya a aljihunka ba ka rasa komai ba. In ka ga dama ka ware watanni huɗu ko biyar na lokacin da gasa ta yi zafi, sauran ka zauna a kan na kyauta. Ko ka sauka zuwa ƙaramin tsari, in tashoshin da ke kan takardarka suna cikinsa.

Ƙwallon dai ba zan ɓoye maka ba, ita ce ba ta da magani a ɓangaren kyauta. Gasar Ingila da ta zakarun Turai kuɗi masu yawa ake zubawa a sayi izinin nuna su, wanda ya saya kuma ba zai bar ƙofa a buɗe ba. Duk wanda ya ce maka dekodarsa ta kyauta tana nuna su kullum, to akwai lauje cikin naɗi, kuma za ka ji bayaninsa a amsa ta gaba. In wasa ɗaya ko biyu kake kallo a mako, gidan kallo ko fadar abokai sun fi maka sauƙi nesa ba kusa ba, ga shayi ga musu.

Abu na ƙarshe, mai haɗawa. Ka nemi wanda ya yi wa wani da ka sani aiki, ku yi ciniki a kan cewa sai tashoshin da ka rubuta sun fito a gabanka za ka cika masa kuɗinsa. Ka sa ya kafe ƙafar farantin da siminti ko ƙusoshi masu ƙarfi, ya naɗe mahaɗar waya da kyau, don iskar farkon damina ta nan ba ta wasa da faranti. Ka kuma riƙe lambarsa, saboda tashoshin kyauta sukan canja mazauni lokaci zuwa lokaci ba tare da sanarwa ba, sai an sake nemo su. Wannan ita ce wahalar kyauta, kuma gara ka san da ita tun yanzu.

Saƙo na biyu daga wani matashi ɗan kabu-kabu ne a Sabon Gari. Ya ce a fadarsu wani ya kawo musu ƙaramin akwati da ake haɗawa da intanet, ya ce in sun biya jaka 15 zai sa musu lamba ta shekara guda, su ga duk ƙwallon duniya da finafinai. Yana tambaya ko su haɗa kuɗi su saya.

Ƙanena, kada ku saya. Abin da ake sayar muku hoton sata ne: wani a wata ƙasa yana kama tashoshin da aka biya, yana sake turo su ta intanet ba da izinin masu su ba. Wanda ya kawo muku akwatin ba shi ke riƙe da igiyar ba, shi ma sayowa ya yi. Ranar da aka rufe wancan, lambarku ta mutu, ko wata biyu ba ku cika ba, kuma ba ku da ofishin da za ku kai kuka. Ko yana aiki ma, an fi samun cikas a daidai lokacin da kuka fi bukatarsa, ranar babban wasa, lokacin da dubban mutane suka taru a kan hanya ɗaya: hoto ya tsaya cak, ku ji ihun cin ƙwallo daga gidan kallon da ke bayanku kafin naku ya motsa.

Sannan jaka 15 ɗin ba ita kaɗai ce kuɗin ba. Wasa ɗaya da hutun rabin lokaci kusan awa 2 ne, kuma hoto mai kyau da za a iya kallo a babbar tele yana cin giga 1 ko fiye a kowace awa. Ku lissafa wasannin da kuke kallo a wata, ku duba farashin forfe ɗinku na Airtel ko Moov ko Zamani, za ku ga inda kuɗin ke tafiya. Ku nawa ne a fadar? In kun kai 10, kowa ya kawo jaka 1 a wata kun sami abonma na halal, hoton da ba ya jiran rezo. Ni abin da ya fi damuna ma shi ne kuɗin da kuka samo cikin rana da ƙura a kan babur ya tafi hannun wanda ba za ku sake gani ba.

Na uku, wata Hajiya daga Birni. Ɗanta da ke Yamai ya aiko mata tele mai shiga intanet, ya ce ta bar biyan abonma, komai yana YouTube. Ta ce kwana uku kati ya ƙare, kuma jikoki sun fara buɗe abubuwan da ba ta gane musu ba.

Hajiya, ɗanki ya yi gaskiya ta wani gefe. Masu shirya wasannin Hausa da yawa yanzu da kansu suke ɗora su a YouTube, haka ma malamai da tafsiransu, kuma kallonsu a can ba sata ba ne. Abin da bai lissafa ba shi ne kallon kyauta ne amma hanyar zuwa gare shi ta kuɗi ce. Tele babba in aka bar ta da kanta takan zaɓi hoto mafi tsabta, shi kuwa yana iya lashe giga 2 zuwa 3 a awa guda. Ki sa wani yaro mai hankali ya shiga saitin hoton ya mai da shi 360 ko 480, cin zai sauko ƙasa da rabi sosai, kuma a kashe abin nan da ke sa wani bidiyo ya fara da kansa in wani ya ƙare. Ko da haka, gidan da ke kallon awa 3 kullum a kan rabin giga kowace awa zai ci giga 45 a wata. Da katin salula wannan ba sauƙi ba ne, an gudu ne ba a tsira ba.

Intanet tana zama araha ne kawai ga gidan da ke da layin da ba a ƙirga masa mega. Starlink, wato intanet ta tauraron ɗan adam, ya shigo Nijar a 2025, amma kayan haɗa shi da kuɗin watansa sun fi dacewa da mai sana'a ko babban gida da za a raba nauyin, ba wanda ke gudun jaka 10 ba. Ke abin da ya dace da ke shi ne parabol na kyauta don kallon yau da kullum, intanet kuma ki ajiye ta don shiri ɗaya ko biyu da ranki ke so.

Batun jikoki kuwa ya fi na kuɗin nauyi a wurina. Tashar tele tana da iyaka, kin san abin da take nunawa. YouTube ba shi da ƙofa, daga zanen yara hannu ɗaya ne zuwa abin da ba ki so. Akwai YouTube Kids da aka yi don ƙanana, a sa musu shi, a rufe babban da lambar sirri, kuma telen ta zauna a inda manya ke wucewa, ba a ƙuryar ɗaki ba.

Na ƙarshe gajere ne, daga wani mai shago a Mirya: yawan ɗaukewar wuta ya sa yana ganin asara yake yi, kwanakin abonma suna tafiya ko an kalla ko ba a kalla ba. Wace dekoda ce za ta yi aiki da fanonsa na rana?

Alhaji, ka nemi dekoda mai ɗan caja a waje da aka rubuta 12V a jikinsa, irinta ana iya haɗa ta da batirin fano kai tsaye, kuma cinta kaɗan ne ƙwarai. Akwai teloli ma masu 12V. In taka ta wutar NIGELEC ce kawai, LED mai inci 32 ba ta cika wuce wat 50 ba, ƙaramin inbata, mai mai da wutar batir irin ta NIGELEC, zai ɗauke ta. Ka sa fis tsakanin batir da dekodar, kuma in za ka saya a Kasuwar Dole ka ce a kunna maka ita da batir a gabanka kafin ka miƙa kuɗi.