Tambaya da Amsa: Daga Ina Marsandi Ta Samo Martabarta?

Tambaya: Malam, ina neman bayani a kan asalin motar Mercedes-Benz, wadda muke kira Marsandi, da dalilin da ya sa ake girmama ta haka. Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, asalinta ƙasar Jamus ne. A shekarar 1886 Karl Benz ya yi rajistar motarsa mai ƙafa uku da ke aiki da fetur, amma mutane ba su amince da ita ba sai a 1888, lokacin da matarsa Bertha ta tuƙa ta daga Mannheim zuwa Pforzheim, tafiyar fiye da kilomita 100. Sunan Mercedes kuwa na 'yar Emil Jellinek ne, dillalin motocin kamfanin Daimler, kuma a 1926 kamfanin Benz da na Daimler suka haɗe.

A ganina, martabarta ba daga tsada ta samo asali ba, daga kiyaye rayuka ne. Injiniyanta Béla Barényi ne ya tsara gaba da bayan mota su riƙa lanƙwashewa idan an yi karo, domin su shanye ƙarfin bugun kafin ya kai ga fasinjoji, sannan a 1978 ta sanya birkin ABS, wanda ke hana tayoyi cijewa.

Tarihin nata yana da tabo, domin a Yaƙin Duniya na Biyu kamfanin ya yi amfani da dubban mutanen da aka tilasta wa aiki, abin da daga baya ya amsa, ya kuma biya diyya.