Ina so kwamfuta ta karanta wa kawuna Hausa: ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne, na ɗan iya Python. Kawuna ya rasa ganinsa, yana amfani da manhajar da ke karanta masa abin da ke kan allo, amma da ta zo kan saƙon Hausa sai ta kwaɓa shi da lafazin Turanci, har ya gaji ya kira ni in karanta masa. Ina so in sa hannu a aikin buɗaɗɗiyar manhajar da ke mayar da rubutu murya, irin wadda kowa zai iya dubawa ya gyara. Dole sai na mallaki babbar kwamfuta? Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya saka maka da alheri, ya kuma sauƙaƙa wa Kawu. Babbar kwamfuta ba ita ce abin da za ka fara nema ba. Aikin da ya fi ƙaranci a wajen Hausa, wanda kuma ba mai iya yi mana shi daga waje, da ƙaramar kwamfutarka ta makaranta za ka yi shi.

Irin wannan manhaja hawa biyu ce. Hawa na farko yana karɓar rubutu ya tsabtace shi, ya mayar da shi jerin sautuka. Na biyu shi ne samfurin (model) da aka horar da muryar mutum, wanda ke fitar da abin da kunne ke ji. Matasa duk wajen hawa na biyun suke rugawa, don shi ne mai ban sha'awa. Amma yawancin abin da ke ɓata muryar Hausa a hawa na farko yake faruwa.

Rubuta wannan jimla ka gwada: "Alh. Musa ya biya N2,500 da ƙarfe 4:30." Kai da ka kalle ta ka san Alhaji ne, naira dubu biyu da ɗari biyar ne, ƙarfe huɗu da rabi ne. Na'ura ba ta sani ba sai wani ya zauna ya rubuta mata ƙa'ida. Shekarar 1960 fa, "dubu ɗaya da ɗari tara da sittin" za ta ce ko "alif ɗari tara da sittin" irin ta dattawa? Ga S.A.W. da ke bin sunan Annabi, wadda bai kamata a karanta ta baƙi-baƙi ba. Ka tsallaka Nijar lissafin ya sauya gaba ɗaya, domin ɗan Maraɗi idan ya ga sefa 500 dala ɗari zai ce, 1,000 kuma jika. Ƴar manhajar Python da ke warware waɗannan, tare da misalan gwaji masu yawa, gudummawa ce ta gaske, kuma za ka iya kammala ta a hutu ɗaya.

Sai baƙaƙe masu lanƙwasa. Mutane da yawa suna rubuta "kasa" suna nufin ƙasa, wasu su sa "k'asa", ƴ kuma a Najeriya an fi rubuta ta 'y. Idan rubutun da ka horar da samfuri da shi a cakuɗe yake, muryar za ta riƙa haɗiye ɓ da ɗ da ƙ yadda ta ga dama.

Babbar matsalar kuwa ita ce rubutun boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Gari na zama da garin tuwo tsawon wasali ne ya raba su. Kukan yaro da kukar miya, wuyan riga da wuyar aiki, karin sauti ne. Har "ya zo" ma ba ɗaya ba ce: ta cikin "Audu ya zo" daban take fita da ta cikin "ka ce masa ya zo". Samfuran zamani suna ɗan cankar wannan daga kalmomin da ke kewaye, amma suna yawan kuskure, kuma makaho da ke saurare ba shi da rubutun da zai duba ya gyara. A ganina duk wanda ya tara jerin irin waɗannan tagwayen kalmomi, kowace da jimlolinta da alamar karin sautinta, ya yi wa Hausa aikin da ya fi horar da sabuwar murya guda goma.

Game da inda za ka kai aikin, ga waɗanda na sani. eSpeak NG, wanda ya samo asali daga eSpeak na Jonathan Duddington, muryarsa irin ta ƙarfe ce amma ba shi da nauyi ko kaɗan, kuma yana zuwa a cikin NVDA, manhajar karanta allo ta kyauta da makafi da dama ke amfani da ita. Kowane harshe a cikinsa yana da fayil na ƙa'idojin furuci da wani na kalmomin da suka saɓa wa ƙa'ida, rubutu ne zalla da za ka buɗe ka karanta. Piper yana jingina da eSpeak NG wajen fitar da sautuka, muryarsa ta fi kama da ta mutum, yana aiki ba tare da intanet ba har a kan ƴar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi. Kamfanin Coqui ya rufe, amma manhajarsa ta murya tana nan a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, wasu sun ci gaba da kula da ita. A 2023 Meta ta fitar da MMS mai muryoyin harsuna sama da 1,100, har da Hausa. Sauke ta ka kunna wa Kawu, ka rubuta duk inda ya yamutsa fuska. Sai dai lasisinta bai yarda a yi kasuwanci da ita ba, saboda haka ka saba da karanta lasisi kafin ka gina komai a kan aikin wani.

Idan ka zo kan murya, akwai BibleTTS na 2022, mai ɗauke da sa'o'i masu yawa na karatun Hausa da aka naɗa a situdiyo. Tsabtarsa ba ta da na biyu, amma kalmominsa da salonsa na karatun Littafi Mai Tsarki ne, ba na saƙon waya ko labaran rana ba. Common Voice na Mozilla ma yana da Hausa, sai dai muryoyin mutane barkatai ne ta wayoyi iri-iri, ya fi dacewa da manhajar da ke sauraro ta rubuta. Abin da kake buƙata shi ne mutum ɗaya, makirufo ɗaya, ɗaki ɗaya, gajerun jimloli, kowace a fayil ɗinta da rubutunta daidai. LJSpeech na Turanci, wanda kusan kowa ke koyo da shi, kimanin awa 24 ne na mace ɗaya. Ba sai ka kai haka ba. Idan ka ɗora a kan samfurin da aka riga aka horar, awa ɗaya ko biyu masu tsabta za su ba ka abin saurare, kuma Google Colab, shafin da ke ba ka damar amfani da kwamfutocin Google ta intanet, zai ara maka ƙarfin horarwar.

Na taɓa naɗar wata malama tsawon mako biyu a ɗakin da fanka ke juyawa, janaretan maƙwabta kuma yana ruri daga nesa. Kunnena bai damu ba. Da muryar ta fito, sai ga wani gunji siriri yana bin kowace kalma, don samfurin ya ɗauka shi ma cikin muryarta yake. Dole muka sake daga farko, da asuba, fanka a kashe. Kuma ka yi wa mai muryar bayani filla-filla, ku sa hannu a takarda: da zarar an saki muryarsa ga jama'a ba ta dawowa, wani na iya sa ta faɗin abin da bai taɓa faɗa ba.

Ranar da za ka shiga GitHub, fara da karanta README da CONTRIBUTING, fayilolin da ke bayanin aikin da yadda ake ba da gudummawa, ka girka manhajar ta yi aiki a wajenka. Kafin ka rubuta komai, buɗe ƙorafi (issue) a shafin aikin ka ce ga jimlar da na sa, ga abin da ya fito, ga yadda Bahaushe ke faɗa, ka haɗa da sautin muryarka. Gyaran farko ya zama ƙarami, abu ɗaya tak, misali karanta lambobi daga 1 zuwa 999, da gwajinsa. Masu kula da waɗannan ayyuka yawanci ƴan sa-kai ne kuma ba sa jin Hausa, don haka amsa na iya ɗaukar makonni, kuma misalanka ne kawai hujjar da za su duba. Ka nemi mutanen Masakhane da HausaNLP, ƙungiyoyin masu binciken fasahar harsunan Afirka da na Hausa, a can za ka samu mai jin harshen da zai duba maka kafin ka miƙa. Jimlolin gwajinka na farko kuma ka ɗebo su daga saƙonnin da Kawu ke kiranka ka karanta masa, da izininsa, bayan ka cire sunaye da lambobin waya.