Zauren Kakanmu Na Neman Rushewa

Tambaya: Malam, a ƙauyenmu kusa da Jos akwai zauren dutse da kakanninmu suka gina tun ƙarni na 19. Daminar bana ta tsaga bangon gabas, har yatsa na shiga. Ina za mu samu tallafin gyara? Daga wata mai karatu, Unguwar Rogo.

Amsa: Hajiya, kafin maganar kuɗi, kada ku bari a shafa wa bangon siminti. Yana riƙe danshi a ciki, ginin ya ci gaba da lalacewa ba ku sani ba. A toshe yoyon rufin, a haƙa lambatu ruwa ya daina kwanciya a gindinsa.

Sannan ku ɗauki hotuna, ku rubuta tarihin da dattawa suka sani, ku kai Gidan Tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, ƙarƙashin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Akwai kuma asusun jakadun Amurka na adana al'adu, tun 2001, sai dai ba ya gyara kadarar mutum ɗaya ko ta iyali. A nan ne gizo ke saƙa. In zauren gadonku ne, ku zauna da mai gari ku yanke ko za ku damƙa shi ga al'umma.