Wace Kwamfuta Zan Saya a Gida, Kuma Yaya Zan Saba da Windows 11?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne da ya yi ritaya, ina zaune a Zariya. Kwamfutar tebur da muke da ita a gida Windows 7 ce a kanta, da ita nake rubuce-rubucena, yara ma da ita suke aikin makaranta, amma yanzu ta gaji, har wasu shafukan intanet sun daina buɗewa. Na shiga kasuwa, mai shago ya nuna mini laftof biyu da kuɗinsu ya kusa zama ɗaya. Ɗaya ta hannu ce, HP EliteBook 840 G3 mai Core i7, ya ce ya riga ya ɗora mata Windows 11. Ɗayar kuwa sabuwa ce fil a kwali, Celeron mai RAM 4GB da ma'adana 64GB. Na taɓa gwada Windows 11 a kwamfutar ɗana, ban gane gabanta ba balle bayanta. Wacce zan ɗauka? Kuma ba zai fi mini sauƙi in sa a ɗora mini Windows 7 ko 10 da hannuna ya saba da su ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Idan shawarata za ka bi, kada ka ɗauki ko ɗaya daga cikin biyun, kuma kada ka koma kan Windows 7 ko 10. Zan fara da maganar komawa baya, domin ita ce mai gajeriyar amsa.

Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun ranar 14 ga Janairun 2020, burauzar Chrome ma ta tsaya a kanta a siga ta 109 a farkon 2023, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa wasu shafuka suke ƙin buɗe maka. Windows 10 da ta fito a 2015 ita ma wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025. Cikar wa'adi ba ta hana kwamfuta tashi ko aiki; abin da yake tsayawa shi ne facin tsaro da ake turowa wata-wata domin toshe kafofin da masu kutse suke ganowa. An yi wa masu Windows 10 a gida ƙarin shekara guda zuwa 13 ga Oktoban 2026, amma wannan rangwame ne ga wanda ya riga yana da kwamfutarsa yana neman lokacin da zai shirya, ba ga wanda zai fitar da kuɗi yanzu ba.

Yanzu ga maganar Core i7, sunan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, inda a nan ne mutane da yawa suke asarar kuɗinsu. Sunan Core i7 kamar sunan mota ne: Corolla ƙirar 2005 da ta 2020 duk Corolla ake ce musu, amma babu mai sayen mota da zai biya kuɗi bai tambayi shekarar ƙira ba. Abin da za ka duba shi ne lambar da take biye da sunan bayan ɗan layi. A i7-6600U, lambar farko 6 ce, wato tsara ta shida. A i5-8250U tsara ta takwas ce. A i5-10210U ta goma, a i5-1135G7 kuma ta goma sha ɗaya. Windows 11, wadda ta fito ranar 5 ga Oktoban 2021, a hukumance ba ta karɓar furosesar Intel da ta gaza tsara ta takwas, in ban da 'yan ƙalilan daga ta bakwai, a ɓangaren furosesar kamfanin AMD kuma daga Ryzen 2000 take farawa. Tana kuma buƙatar wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. EliteBook 840 G3 tsara ta shida ce, saboda haka Windows 11 da mai shagon ya ce ya ɗora mata ta bayan fage aka shigar da ita, bayan an kashe binciken da manhajar take yi kafin ta hau.

Za ta tashi, za ta yi aiki, a shago ba za ka ga wani aibu ba. Matsalar a gaba take. Kowace siga ta Windows 11 ta gida wata 24 ake kula da ita, sabuwar siga kuma sau ɗaya take fitowa a shekara. Kwamfutar da ta cika sharuɗɗa da kanta take haurawa daga siga zuwa siga, amma wadda aka cusa wa manhajar da dabara yawanci a inda aka ajiye ta take tsayawa, sai an sake kai ta wurin mai gyara ya maimaita dabarar, kuma Microsoft ya faɗa ƙarara cewa bai yi alkawarin turo wa irinta sabuntawa ba. Wanda ya iya kwamfuta yana iya zama da hakan. Gidan da yara za su riƙa saukar da abubuwa daga intanet, kai kuma kana ajiye rubuce-rubucenka, ban ga dalilin ɗaukar wannan wahala ba, alhali da ɗan ƙari kaɗan za ka samu i5 ta tsara ta takwas, wadda a aiki ma ta fi waccan i7 ɗin ƙarfi, domin tana da ƙwayoyin sarrafawa 4, ita kuwa 2 ne da ita.

Sabuwar ta kwali kuma tata matsalar daban ce. RAM (wurin da kwamfuta take riƙe aikin da take yi a lokacin) 4GB da ma'adana 64GB su ne mafi ƙarancin abin da Windows 11 take nema kafin ta yarda ta hau, ba abin da take buƙata ta yi aiki cikin walwala ba. Manhajar kanta za ta cinye kaso mai yawa na wurin, ka ƙara Office da hotunan biki, cikin 'yan watanni sabuntawa za ta fara ƙin sauka saboda rashin fili. Irin waɗannan ƙananan kwamfutoci sau da yawa RAM ɗinsu a like yake da allon ciki, ba ya ƙaruwa, ma'adanarsu kuma eMMC ce, irin ta waya, mai nauyin tafiya. Wasu ma suna zuwa a yanayin da ake kira S mode, wanda ba ya barin a saka manhaja sai daga shagon Microsoft. Ana iya fita daga cikinsa kyauta, amma idan an fita ba a komawa.

Abin da zan ce ka nema shi ne i5 ta tsara ta takwas ko sama da haka, RAM 8GB aƙalla, 16GB idan aljihu ya yarda, da SSD, wato ma'adana mai sauri, mai 256GB ko fiye. Kwamfutocin ofis na hannu irin su ThinkPad T480 da EliteBook 840 G5 suna da ƙarko, sai dai kada ka dogara da sunan samfuri kawai, domin su biyun nan an fitar da su da furosesar tsara ta bakwai da kuma ta takwas, jiki ɗaya suna ɗaya. Idan kuma ba yawo za ka yi da ita ba, kuma sikirinka da kibod na tsohuwar suna da lafiya, ƙaramar kwamfutar tebur ta tsara ta takwas takan fi laftof araha, amma dole ka haɗa mata da UPS, akwatin batirin da yake riƙe ta idan an ɗauke wuta, saboda yanayin wutarmu, yayin da laftof da batirinta take zuwa.

Kafin ka biya, ka ce a kunna ta a gabanka. Ka shiga Settings, sannan System, sannan About, ka karanta lambar furosesa da idonka, ba a takardar da aka manna a jiki ba. A cikin System ɗin akwai Activation, wanda zai nuna maka ko manhajar tana da lasisi. Batir kuwa, a buɗe Command Prompt a rubuta powercfg /batteryreport, za ta fitar da rahoto mai lambobi biyu, ƙarfin batirin lokacin da aka ƙera shi da abin da yake iya ɗauka yau. Idan na biyun bai kai rabin na farko ba, a rage maka kuɗin sabon batir. Abu na ƙarshe, wanda masu saye kaɗan ne suke tambaya: ka buƙaci a goge ta a mayar da ita sabuwa tana haɗe da intanet, kuma a shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, a gabanka. Wasu kwamfutocin hannu daga kamfanonin ƙasashen waje suka fito ba a cire su daga rajista ba, da zarar an goge su sai su nemi imel ɗin ma'aikacin kamfanin, wasu kuma BIOS ɗinsu a kulle yake da kalmar sirri.

Game da sabo da Windows 11, abin da ya rikita ka a kwamfutar ɗanka aikin mako guda ne. Maɓallin Start da aka kawo tsakiya yana komawa hagu: ka danna linzami ta dama a kan sandar ƙasa, ka zaɓi Taskbar settings, sannan Taskbar behaviors, ka mayar da shi Left. Jerin da yake fitowa idan ka danna dama a kan fayil an gajarta shi, an mayar da kwafa da yankewa da gogewa ƙananan alamomi, amma tsohon jerin yana nan a ƙarƙashin Show more options. Control Panel bai ɓace ba, sai dai yawancin ayyukansa sun koma Settings. Kuma duk abin da ka rasa, ka danna maɓallin Windows a kibod ka fara rubuta sunansa, zai fito. Wannan ɗabi'a ɗaya ta fi haddace wuraren da aka ɓoye abubuwa amfani.

Abin da ya fi cancantar ka zauna a kansa shi ne wanda ba a gani a sikirin. Windows 7 ba ta damu da ko kana da imel ba, amma Windows 11 ta gida tana neman intanet da asusun Microsoft tun ranar farko, kuma a kwamfutoci da yawa, musamman daga siga 24H2, da zarar an shiga da asusun sai ta kulle duk abin da yake cikin ma'adana da tsarin BitLocker, ta ajiye mabuɗin warwarewa mai lambobi 48 a cikin wannan asusu. Kullewar alheri ce idan an sace laftof, domin ɓarawo ba zai iya karanta takardunka ba. Amma ranar da mai gyara ya canja allon ciki, ko aka taɓa saitin BIOS, ko aka cire SSD aka sa a wata kwamfutar, za ka tarar da shuɗin shafi yana neman lambobin nan, kuma idan babu su babu wanda zai iya fito maka da fayilolinka, har shi Microsoft ɗin. To, abin da yake yawan faruwa a kasuwanninmu shi ne yaron shago ya yi saitin farko da imel ɗinsa, ko ya ƙirƙiri wani a tsaye wanda kafin magariba shi kansa ya manta kalmar sirrinsa. Saboda haka, Malam, ka yi saitin farko da hannunka ko ɗanka yana kusa, da imel naka da layin wayar da ba za ka yar ba. A ranar ka shiga shafin asusunka na Microsoft, ka nemo mabuɗin a sashen na'urori, ka kwafe lambobin a takarda, ka ajiye ta inda kake ajiye takardun gida da na fansho. Yara kuma a buɗe musu nasu asusun a kwamfutar wanda ba shi da ikon shugaba, domin kada su saka manhaja ba da saninka ba.

Asusun yana zuwa da OneDrive, wanda yake iya kwashe abin da ke Desktop da Documents da Pictures ya riƙa loda shi a intanet. Kyauta 5GB kawai yake bayarwa, ya ishi rubuce-rubuce, amma bidiyon walima guda biyu za su cika shi su kuma cinye data. Ni da zan bar masa Documents in cire sauran. Idan da hotspot na waya za ku riƙa shiga intanet, ka buɗe bayanan wannan layin a Network & internet cikin Settings ka kunna Metered connection, zai rage saukar da manyan abubuwa ba da izini ba; amma kada hakan ya zama hanyar gudun sabuntawa baki ɗaya, ka ware lokaci sau ɗaya a wata ka bar ta ta sauka.

Tunda kana rubutu da Hausa, Windows tana da kibod ɗin Hausa a cikinta. Ka ƙara shi a Time & language cikin Settings, ka riƙa sauyawa tsakaninsa da na Turanci da maɓallin Windows tare da dogon maɓallin tazara, haruffa masu ƙugiya irin ɓ da ɗ da ƙ kuma suna fitowa idan ka danne Alt na hannun dama tare da harafin. Office 2016 da 2019 su ma wa'adinsu ya cika a Oktoban 2025, kuma wanda akan ɗora a shago kyauta galibi fasasshe ne, ta irinsa bairos yake shigowa gida. Idan ba ka shirya biyan lasisi ba, LibreOffice kyauta ce ta halal kuma tana buɗe takardun Word. Idan kana da tsohuwar firinta, ka duba shafin kamfaninta ko tana da direba, wato manhajar da take haɗa ta da kwamfuta, na Windows 10 ko 11 mai 64-bit kafin ka sa rai da ita.

Wajen kwashe kaya daga tsohuwar, fulash ko faifan waje ya wadatar: ka kwafi Documents da Pictures da Desktop da Downloads, ka bar Windows Security ta sabuwar ta bincike su kafin ka buɗe komai, domin kwamfutar da ta yi shekaru ba a yi mata facin tsaro ba da wuya a rasa wani abu a cikinta. Manhajoji ba sa kwafuwa ta wannan hanya, sai an sake saka su. Kada ka yi gaggawar sayar da tsohuwar ko kyautar da ita. Ka cire ta daga intanet, ka bar ta wata biyu har ka tabbatar babu takardar da ka baro, sannan a goge faifanta gaba ɗaya kafin ta bar gidan.