Harafin 中: ba kullum yake nufin ƙasar Sin ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, nakan je Guangzhou saro kaya. Akwai wani harafi, 中, mai kama da akwati an tsira masa sanda. Abokina ya ce min sunan ƙasar Sin ne, amma ina ganinsa a ƙofar shago, a jikin riga, har a saƙon waya. Duk Sin ɗin ce?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Abokinka bai yi ƙarya ba, sai dai ya tsaya a rabin hanya. Asalin ma'anar 中 ita ce tsakiya. Ana furta shi kusan "jung", da murya a sama ba hawa ba sauka, a rubutun pinyin kuma, wato Sinanci da haruffan boko, zhōng.

Harafin tsoho ne ƙwarai. Yana cikin rubutun da aka samu a kan ƙasusuwa da ƙoƙon kunkuru na daular Shang a Anyang, shekara fiye da 3000 ke nan. A can an zana shi sanda ce a tsaye da tutoci suna kaɗawa, masana da yawa kuma suna ganin tuta ce da ake kafawa a tsakiyar fili mutane su taru. Tutocin sun faɗi da tafiyar zamani, saura zane huɗu, kuma sandar ake ja a ƙarshe.

Da aka haɗa shi da 国, wato ƙasa, sai aka sami 中国, Zhōngguó, ƙasar tsakiya. Mafi tsufan wurin da aka ga haɗin nan shi ne jikin wani tulun tagulla, He zun, da aka tono a Baoji a 1963. Na farkon daular Zhou ne, kuma a lokacin yankin Luoyang kawai ake nufi, ba ƙasar nan da ka sani ba. Daga nan ne 中 shi kaɗai ya zama taƙaicen sunan ƙasar: 中文 harshen Sinanci, 中医 maganin gargajiyarsu, da 中国制造 da kake gani a jikin kwali, ƙirar Sin.

To amma ma'anar tsakiya ba ta je ko'ina ba. 中午 tsakar rana ce, 中心 cibiya, 中东 Gabas ta Tsakiya. Na jikin rigar nan kuwa awo ne: 大 babba, 中 matsakaici, 小 ƙarami. In kana odar kaya, waɗannan ukun sun fi maka amfani da duk tarihin da na kawo.

Na ƙofar shago shi ya fi rikita baƙi. Dubi inda ya zauna. In ya zo a ƙarshen kalma, yawanci yana cewa ana cikin yin abu ne. 营业中 na nufin ana cikin ciniki, shago a buɗe yake. 装修中 ana cikin gyaran gini, ka koma wani lokaci. Mu ma haka muke cewa "ina tsakiyar aiki", don haka Bahaushe bai kamata ya sha wahala a nan ba.

Sai na saƙon waya, wanda nake so ka fi kula da shi. Sinanci harshe ne mai karin sauti kamar Hausa. Ka san "kuka" na yaro daban, "kuka" ta miya daban. Idan aka furta harafin nan da murya mai faɗowa, yadda muke cewa "yau", ya zama zhòng, ma'anarsa kuma ta koma samun abin da aka nufa, ko abu ya sami mutum. Rubutu ɗaya ne, babu alamar da ta bambanta su, sai harafin da ke gefensa. 中毒 guba ta kama mutum. 中暑 zafin rana ya buge shi, kalmar da za ka ji sosai a Guangzhou a watannin Yuli da Agusta. 中奖 kuwa cin kyautar gasa ce. Duk saƙon da ya zo maka da wannan, yana taya ka murna a kan gasar da ba ka shiga ba, goge shi kawai, aikin 'yan damfara ne.

Mutanen lardin Henan suna da nasu salon: in ɗayansu ya ce maka 中 shi kaɗai, "to, na yarda" yake nufi.

Akwai kuma tarko ɗaya da ya shafe mu kai tsaye. A jarida ko takardar taro za ka ga 中尼, Sin da ƙasar da sunanta ya fara da 尼. Matsalar ita ce Najeriya 尼日利亚 ce, Nijar 尼日尔, Nepal kuma 尼泊尔, duk da harafi ɗaya suka fara. In a takardar aiko kaya ce, sa wakilinka ya rubuta sunan ƙasar cikakke.