Shin Sabbin Sharuɗɗan Sayen Kayan Asibiti Za Su Kori Ƙananan 'Yan Kwangila?

Tambaya: Shekara tara ke nan ina kai wa wani asibitin gwamnati a Katsina safar hannu, sirinji da auduga. Bana an ce sai na nuna inda kayan suka fito da ranar da za su lalace. Ranka ya daɗe, anya ba dabara ba ce ta kore mu a ba manyan kamfanoni, alhali farashina ya fi na kowa sauƙi?

Amsa: Alhaji, na fahimci fargabarka, amma maganar da ka rufe da ita ce ta fi damuna, domin kullum sai na ji ta daga bakin 'yan kwangila, har da wasu jami'an sayayya, wai mai araha shi ke cin kwangila. Dokar sayen kayan gwamnatin tarayya ta 2007 ba ta ce haka ba. Abin da ta ce shi ne a ɗauki mafi ƙarancin farashi daga cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa bayan an tantance su.

Araha ba ta ado, kuma a asibiti tana iya cin rai. Na ga safar hannu da ke yagewa a hannun ungozoma tana tsakiyar karɓar haihuwa, har ta koma sa biyu-biyu, ka ga an kashe kuɗi ninki biyu, an kuma ninka shara. Na taɓa shiga wani sito na tarar da kwalayen ruwan ƙarin ruwa jibge, an sayo su saura wata biyu su lalace, aka ƙare da zubar da fiye da rabinsu. Wanda ya sa hannu a takardar yana alfaharin ya yi wa gwamnati tattali, alhali dukiyar talakawa ya zubar. Haka ma'aunin zafin jiki mai sinadarin makuri: yana da araha, amma idan ya fashe a ɗakin yara guba ce, shi ya sa yarjejeniyar ƙasashen duniya kan makuri, wato ta Minamata ta 2013, ta tanadi a daina ƙera shi.

Ƙaramin ɗan kwangila da ke kusa, mai iya kawo kaya kaɗan-kaɗan cikin kwana biyu, shi waɗannan sabbin sharuɗɗa suka fi amfanarwa, matuƙar kayansa na da lambar rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, da rasit daga masana'anta ko dillalinta.

Su ma asibitoci akwai nauyi a wuyansu. Waccan dokar sayen kaya ta 2007 ta ce kuɗin da ya wuce kwana 60 ba a biya ba, jinkiri ne da ke jawo ƙarin biya. Wanda aka riƙe wa kuɗi wata takwas fayil yana yawo daga tebur zuwa tebur, tura shi ake yi ga jabun kaya. Saboda haka, Alhaji, kafin ka sa hannu a kwangilar bana, ka nemi a rubuta ranar biya a cikinta.